Na kwana ina karatu, da na shiga jarrabawa kai ya ɗauke ɗif, ina matsalar take?

Ɗan Aji Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani a taimaka min, abin nan ya ishe ni. Satin da ya wuce muna da jarrabawa ƙarfe takwas na safe, na shiga aji tun bayan isha'i da takardun lakca da kofin Nescafe da goro ɗaya a aljihu, ban tashi ba sai da aka kira assalatu. Wlh lokacin da na fito ji nake ko wa ya tare ni zan zubo masa karatun tiryan-tiryan. Ana raba takarda kai ya ɗauke ɗif, ina ganin shafin a idona har inda na ja layi da jan biro amma abin da ke rubuce ya ƙi zuwa. Abin da ya fi ba ni haushi ƙanena ɗan shekara 12 yana hadda a islamiyya, zai biya shafi da daddare yana ta tuntuɓe, ya kwanta ya yi ta sharar barci, da asuba sai ka ji ya kawo shi sumul. Shin ƙwaƙwalwata ce ta samu matsala ko me?

Tsohon Gardi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena lafiyar ƙwaƙwalwarka ƙalau, zaluntarta ka yi. Mu a tsangaya ko malam bai faɗa ba kowa ya san karatun da aka biya da dare aka kwana da shi, da asuba ya fi laushi a baki. Ni akwai ayar da zan yi ta fama da ita har in yi fushi in jingine allon, in kwanta, da safe sai in same ta ta zauna daram kamar wani ne ya gyara min ita cikin dare. Dalilin ne ban sani ba, mu dai albarkar asuba muke cewa.

Malamar Fisiyoloji:
Baba Gardi abin da ka faɗa shi ne masu bincike suka auna, kuma ba yau ba. Tun 1924 wasu masu bincike biyu a jami'ar Cornell ta Amurka, Jenkins da Dallenbach, suka sa ɗalibai biyu haddace kalmomi marasa ma'ana, wani lokaci su kwanta bayan haddar wani lokaci su ci gaba da harkokinsu, kuma in sun yi barci sun fi tunawa nesa ba kusa ba.

Bari in ari allonka in yi misali. Can cikin ƙwaƙwalwa ta wajen saitin kunne akwai wani ɗan sashe da ake kira hifokamfos, shi ne allo, duk sabon abin da ka koya yau nan ake fara rubuta shi, yana ɗauka da sauri amma ba ma'ajiya ba ce ta dindindin. Ma'ajiyar ita ce ɓawon ƙwaƙwalwa na sama. An gane muhimmancin allon nan ne a kan wani bawan Allah Henry Molaison, a 1953 aka yi masa tiyata saboda farfaɗiya aka cire masa yawancin sashen ta ɓangare biyu, to yana tuna yarintarsa amma sabon abu ba ya zama, mai binciken da ta yi shekaru tana duba shi in ta shigo sai ta sake gabatar da kanta.

Kwashe karatu daga allo zuwa ma'ajiya kuwa yawancinsa a barci mai nauyi ake yi, irin wanda in an tashi mutum sai ya yi ta zare ido bai san inda yake ba. In aka manna wa mai barci wayoyin auna lantarkin ƙwaƙwalwa a kai za a ga kiɗa iri uku. Na farko mai nauyi ne a hankali kamar tambari, bai kai bugu ɗaya a daƙiƙa ba, ƙwayoyin ɓawon ƙwaƙwalwa su yi tsit gaba ɗaya sannan su farka gaba ɗaya. Na biyu yana zuwa ne guntu-guntu, kaɗawa 12 zuwa 15 a daƙiƙa, ya yi daƙiƙa ɗaya ko biyu ya wuce, a takardar awo yana fara siriri ya kumbura a tsakiya ya sake sirancewa, shi ya sa Turawa suka sa masa sunan mazari, eh mazarin kaɗin auduga na kakanninmu. Na uku daga allon kansa yake fitowa, wata karkarwa ce mai saurin gaske wadda a ɓera takan kai 200 a daƙiƙa, kuma a cikinta ne allon ke maimaita abin da aka koya da rana. Sirrin shi ne su haɗu a kan lokaci, tambari ya buga, mazari ya hau kan bugun, karkarwar ta shiga cikin mazari, kamar makaɗa uku da in ɗaya ya saɓa kiɗan ya lalace.

Maimaitawar nan ba zato ba ne an gan ta. A 1994 wasu masu bincike, Wilson da McNaughton, suka sa wa ɓeraye wayoyi a hifokamfos suna yawon neman abinci, ƙwayoyin da suka yi aiki tare a lokacin yawon sai ga su suna sake yin aiki tare bayan ɓeran ya kwanta. Wato tilawa yake yi a barci. A 2009 kuma wasu suka riƙa katse wa ɓeraye karkarwar nan duk lokacin da ta taso ba tare da sun tashe su ba, ɓerayen suka yi ta wahalar koyon inda aka ajiye musu abinci.

To Ɗan Aji Uku kai ka cika allo taf ka hana a kwashe, sannan ka shiga jarrabawa da ƙwaƙwalwar da ta kwana a tsaye wadda ko abin da ta sani da daɗewa da ƙyar take lalubowa. Ga Nescafe ga goro, dukkansu akwai sinadarin kafeyin mai hana barci a ciki, kuma bayan awa biyar kusan rabinsa na nan a jini, ko ka samu ka kwanta yana rage nauyin barcin.

Sarkin Zolaya:
Malama ashe ni na gano gajeriyar hanya, tunda ƙwaƙwalwa tana tilawa a barci sai in ɗauki lakcar a waya in sa abin kunne in kwanta abina, da safe in tashi farfesa 😂

Malamar Fisiyoloji:
Hhh ɗan uwa da haka ne da duk mun huta. An gwada tun 1956 ana karanta wa masu barci tambaya da amsa ana duba lantarkin kansu, abin da suka riƙe shi ne wanda aka karanta lokacin da suke tsakanin barci da farke, da barci ya yi nisa babu komai. Abin da ke aiki shi ne tunatarwa a kan abin da ka riga ka koya ido biyu. A 2007 a Lubek ta Jamus masu bincike su Jan Born suka sa mutane haddace wuraren katuna ana busa musu ƙamshin furen wardi, da suka shiga barci mai nauyi aka sake busa ƙamshin, da safe suka tuna kusan kashi 97 cikin 100, daren da ba a busa ba kuwa wajen 86. Da aka busa a lokacin barcin mafarki bai ƙara komai ba, haka wanda bai shaƙi ƙamshin lokacin koyo ba shi ma bai amfana ba.

Maman 'Yan Biyu:
Malama ni fa kin tsorata ni. Shayarwa nake, wata huɗu ke nan ban yi barcin awa uku a jere ba, jiya gishiri sau biyu na zuba a miya, na ajiye mukulli a firji. Kuma mahaifiyata kullum ƙarfe uku ta farka, tana yawan cewa ta manta abin da aka faɗa mata jiya, shi ma barcin ne?

Malamar Fisiyoloji:
Allah ya raya 'yan biyu Maman. Naki na gajiya ne, in yaran suka fara kwana zai daidaita in sha Allah. Barci zagaye yake yi kusan duk minti 90, kuma mai nauyin ya fi yawa a farkon dare, na mafarki ya fi yawa gab da asuba, saboda haka in akwai mai riƙe miki su daga isha'i zuwa sha biyu ki ajiye wayar nan ki kwanta, wannan awannin sun fi tsada. Ƙailula ma tana taimakawa in kin samu. Ita kuma Hajiya, gaskiya ne barci mai nauyi yana raguwa da shekaru, a 2018 masu bincike a jami'ar Berkeley ta Amurka sun nuna a tsofaffi mazarin yana kuskure bugun tambarin, kuma waɗanda nasu ya fi saɓawa sun fi mantuwa da safe. Amma in mantuwar ta kai tana ɓata a hanyar da ta sani ko tana maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a zama ɗaya, a kai ta asibiti a duba, kar a ce tsufa ne kawai.

Ɗan Aji Uku:
Na gode ƙwarai Malama, Allah ya ƙara ilimi. Amma fa gobe ma akwai wata ƙarfe takwas kuma rabin kwas ɗin ban taɓa buɗewa ba, yanzu tara saura.

Tsohon Gardi:
To me kake yi a nan? Ka ɗauki abin da za ka iya zuwa sha ɗaya, ka rufe takardar ka biya da ka kamar yadda ƙanenka ke yi, ka kwanta, bayan sallar asuba ka yi tishi. Goron kuma ka ajiye min.