Hidima ba don lada ba: abin da 'yan'uwa suka faɗa

Ga abin da na tattara daga bakin 'yan'uwa masu bi a tattaunawar da aka yi kan yin hidima ba don lada ba.

1. Kusan kowa ya yarda cewa hidima godiya ce ga Allah, ba ciniki ba, domin a Luka 17:10 Yesu ya nuna cewa bawan da ya gama aikinsa wajibinsa kawai ya sauke.

2. An fi daɗewa a kan gayyar da matasa ke yi a gonar gwauruwa da damina, inda sukan kama fartanya tun asuba, su nome geron, su watse ba tare da jiran fura ba. Wannan ya taɓa zuciyata ƙwarai.

3. An rabu a kan kiran sunayen masu baiko, wato masu ba da kyauta, a majami'a: wasu sun ƙi, suna kafa hujja da Matiyu 6:3, inda Yesu ya ce kada hannun hagu ya san abin da hannun dama ke bayarwa, wasu kuwa suna ganin hakan na ƙarfafa na baya.