"Faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa": shin ƙasashe ma suna ciki?

Mai Sauraron Rediyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gardama ce ta kaure tsakanin yayyena biyu a kan ƙuri'ar da aka kaɗa a babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 2 ga Maris, 2022, domin yin tir da mamayar da Rasha ta kai wa Yukren. Ƙasashe 141 sun goyi baya, biyar sun ƙi, 35 kuma sun ƙaurace wa ƙuri'ar, ciki har da ƙasashen Afirka 17, irin su Afirka ta Kudu da Senegal da Aljeriya. Babban yayana ya ce waɗanda suka ƙaurace sun yi daidai, domin faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa. Ƙaramin ya ce wannan mafakar matsorata ce. Shin a muhallinta aka saka maganar?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Yarona, babban yayanka ya ɗauko maganar daga gidanta ya kai ta wani gida. Magabata sun faɗe ta ne ga wanda faɗan ya same shi shi kansa, ya duba ya ga abokin karawar ya fi shi ƙarfi, sai ya sassauta murya domin ya tsira da ransa. Ɗan kallo ba ya cikinta. Ƙasar da ta yi aiki da ita ita ce Finlan, wadda Tarayyar Sobiyet ta auka wa a 1939, ta rasa wani yanki na ƙasarta, sannan a 1948 ta sa hannu a yarjejeniyar abota da Mosko, ta yi shekara fiye da arba'in tana tauna magana kafin ta furta, amma ta riƙe zaɓenta da 'yancinta. Senegal kuwa babu wanda ya ja daga a kan iyakarta.

Ɗalibar Tarihi:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja. A duniyar yau ɗan kallo ma duka yana samunsa. Yaƙin ya toshe hanyar alkama da takin zamani da ke fitowa ta Baƙin Teku, har ta kai shugaban Senegal na lokacin, Macky Sall, wanda shi ke riƙe da shugabancin Tarayyar Afirka, ya tafi birnin Sochi na Rasha a watan Yunin 2022 ya gana da Putin a kan batun. Da ya ɗaga murya a watan Maris, da wane ido zai nemi alfarma a watan Yuni? Wannan ne ma tunanin da ya tara shugabannin Asiya da Afirka a birnin Bandung na Indunusiya a 1955, ya kuma haifi ƙungiyar ƙasashen 'yan ba-ruwanmu a Belgrade a 1961.

Ɗan Gwagwarmaya:
Da kakanninmu sun bi wannan magana sau da ƙafa, da har yanzu tutar wasu ce ke kaɗawa a kanmu. Aljeriya ta yi yaƙi da Faransa daga 1954 zuwa 1962, kuma babu mai hankalin da zai ce ƙarfinsu ɗaya. Gini ta ce a'a ga De Gaulle, shugaban gwamnatin Faransa, ta zaɓi 'yancin kanta a 1958. Shugaban Masar Nasser ya ƙwace mashigin ruwa na Suwez a 1956, Ingila da Faransa da Isra'ila suka taru a kansa, amma mashigin ya zauna a hannun Masar. Zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara.

Tsohon Malami:
Kada ka manta, matsin lambar Amurka da Tarayyar Sobiyet ne ya sa maharan Suwez suka janye. Lumumba, firaministan Kongo na farko, bai sami mai tare masa ba, kuma a Janairun 1961 aka kashe shi.

Jikan Inna:
Ku ba ni dama in kawo abin da kakata, Allah ya jiƙanta, ta sha ba mu labari, domin a bakinta na fara jin wannan karin magana. Tana yarinya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai masu ɗaukar soja suka zo neman samari. Maƙwabcinsu ya tarbe su da fara'a, ya zauna yana ta raha da su, ya rantse cewa 'ya'yansa duk marasa lafiya ne, alhali tun da asuba ya tura su daji. Suka yi dariya suka wuce. Mahaifinta kuwa mutum ne mai zuciya, ya tsaya a ƙofar gida ya ce bai san abin da ya haɗa Bature da Japanawa ba, don haka ɗansa ba zai je ba. Aka wulaƙanta shi a gaban iyalinsa, kuma aka tafi da yayanta.

Yayan nata yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da aka kai Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar. Ya dawo da ransa bayan yaƙi, amma ta ce bai sake zama mutumin da suka sani ba, ko ƙarar faɗuwar kwano ya ji sai ya zabura. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, Inna ba ta taɓa yabon maƙwabcin ba. Ta ce yaran da ya ɓoye, da 'ya'yan wani aka cike gurbinsu, tunda adadin da aka zo nema sai ya cika. Ba ta kuma yabi mahaifinta ba, domin a cewarta tsayuwarsa ba ta hana komai ba, sai ƙarin baƙin ciki. Idan muka matsa mata ta faɗi wanda ya yi daidai, sai ta ce mu je mu tambayi wanda ya haɗa yaƙin.

Uwar Yara:
Allah ya jiƙan Inna. Maganarta ta taɓa ni, musamman batun cike gurbi, domin idan kowace ƙasa ta kau da kai lokacin da aka keta iyakar wata, ranar da aka keta tata ita ma shiru za ta ji. Sai dai ni abin da ke ci mini rai wasu shugabanni ne da suka juya karin maganar. A gaban masu ba su bashi sai dariya da rusunawa, amma da ɗalibai ko ma'aikata sun fito neman haƙƙinsu, nan take wasa ya ƙare.

Ɗan Gwagwarmaya:
Hajiya, kin faɗi gaskiya. Shugabannin Afirka sun je taro a Washintan a Disambar 2022, sun je San Pitasbag ta Rasha a Yulin 2023, sun je Bejin a Satumbar 2024, kuma akwai wanda jawabi ɗaya ya yi ta yawo da shi a aljihu, sunan mai masaukin kawai yake gogewa. Ba zan kama suna ba, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Ɗalibar Tarihi:
Yaya Jikan Inna, runduna biyu aka kai Bama daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, kuma sun yi yaƙi a yankin Arakan. Ko Inna ta taɓa ambatar wadda yayanta yake ciki? Sannan Baba, ina so in dawo da kai kan Finlan, domin a Afrilun 2023 ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO, bayan ta ga abin da ya sami Yukren. Shin wannan yana nufin wasan da ta yi shekaru tana yi bai amfane ta ba, ko kuwa shi ne ya raya ta har ta kai ranar da za ta iya zaɓa wa kanta?

Tsohon Malami:
'Yata, iyakar Finlan da Rasha ta haura kilomita 1,300, kuma shiga NATO bai rage mata ko taku ɗaya ba. Ni da Ɗan Gwagwarmaya ba za mu ba ki amsa iri ɗaya ba, don haka bari shi ya fara.