Injin ƙaramin jirgi ya mutu: da wa za a yi binciken?

Alhaji Issaka, Aboabo: Jama'a, ni dai ban yarda ba. A ce ƙaramin jirgin sama ya faɗi a ƙasarmu saboda inji ya mutu, sannan a gayyato mutanen kamfanin da ya ƙera injin su shiga bincike? Ai an ba kura ajiyar nama ke nan. Muna da AIB Ghana, hukumarmu ta binciken hatsarin jiragen sama, tun 2020, su yi aikinsu su kaɗai.

Malam Sani, Asawase: Alhaji, da girmanka, ba haka tsarin yake ba. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, a sashen da ake kira Annex 13, ta ce ƙasar da hatsarin ya faru a cikinta ita ke jagorantar bincike. Ƙasar da aka yi wa jirgin rajista da wadda ta ƙera shi wakili kawai suke turowa. Idan injin kamfanin Lycoming ne ko Continental na Amurka, wakilin daga NTSB, hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka, zai fito. Idan na kamfanin Rotax ne, daga Ostiriya. Injiniyan kamfani mai ba da shawara ne a ƙarƙashin wakilin, rahoto kuma namu ne.

Alhaji Issaka: To wa ke kwance injin? Wanda ya kwance ai shi ke faɗin abin da ya gani.

Hajiya Ramatu, Tafo: Nan Alhaji ya taɓo gaskiya. Sau da yawa masana'antar ake kai injin, don a can kayan gwaji suke. Amma Yaya, yawancin ƙananan jiragen nan ba su da baƙin akwatin nan mai naɗar bayanan tafiyar jirgi. Shaidar tana jikin ƙarfe: magneto mai ba filogi wuta, famfon mai, filogi, ko ruwa ya shiga tanki. Akwai ma ƙanƙarar da ke toshe kafireta idan iska ta yi laima, ko da ana ɗumi, kafin a iso wurin ta narke. Wanda bai saba da injin ba zai wuce abin da ya kamata ya gani.

Malam Sani: Kuma mai bincikenmu yana tsaye ake kwancewa, shi ke da iko da kayan. Wani abu kuma, injin iri ɗaya na tashi a ƙasashe da dama. Idan aibin ƙira ne, hukumar ƙasar da ta ƙera shi ce ke iya ba da umarnin gyara da zai kai ga kowa. Mu rufe ƙofa, matuƙi a Kenya ya mutu da ciwon da muka gano.

Alhaji Issaka: Na ji ta umarnin gyara. Amma kamfani zai fi son a ce laifin makaniki ne ko matuƙi, matuƙin kuwa wataƙila ba ya raye balle ya kare kansa.

Hajiya Ramatu: Shi ya sa nake ganin a zo da su, amma a nemo ido na uku. Ghana na cikin BAGAIA, hukumar haɗin gwiwa ta binciken hatsarin jiragen sama, tare da Najeriya da Gambiya da sauran maƙwabta. A ɗauko ƙwararre daga can ya tsaya kusa da namu.

Alhaji Issaka: In za a yi haka, a kuma buga rahoton kowa ya karanta, da sauƙi. Amma kai injin waje, Hajiya, har yanzu raina bai kwanta ba.