Labaran gida daga nesa: ina kuke kallo?

Sabon Baƙo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da zuwana Maleshiya karatu, kuma labaran gida sai dai guntu-guntu a WhatsApp. A taimaka, ina kuke kallon na talabijin?

Kawu na Landan: Wa alaikumus salam, barka da zuwa ɗana. Ka buɗe YouTube. Channels na watsa shirye-shiryensu kai tsaye a can, babban labarinsu kuma ƙarfe 10 na dare ne agogon Najeriya. Na NTA ƙarfe 9, wanda muka taso muna gani tun muna yara.

Sabon Baƙo: Na gode Kawu. Amma ƙarfe 9 ɗin nan a wurinmu 4 na asuba ne fa.

Kawu na Landan: Kai, lallai! Tazarar awa 7 ce. Mu nan da bazara agogonmu ɗaya da gida, sai ƙarshen Oktoba in sun mayar da nasu baya mu riƙa kallo ƙarfe 8. Duk shekara sai na yi kwana biyu ina zuwa an kusa rufe labarai, don Najeriya ba ta taɓa agogonta.

Hajiya ta Jidda: Ɗana, kar ka hana idonka barci. Mu ma nan 11 na dare yake kamawa, ni tuni na kwanta. Tasha takan bar bidiyon a shafinta, da safe sai ka kalla, ka tsallake talla. Kuma in Hausa kake so, ga BBC Hausa, DW da TRT Afrika, duk suna sa bidiyo a Facebook da YouTube. Arewa24 na da manhajarta, sai dai nishaɗi ya fi yawa.

Ɗan Nijar a Faransa: Hajiya kin manta da mu. Télé Sahel na karanta labarai da Hausa da Zabarmanci, ana samunsu a Facebook.

Hajiya ta Jidda: Afuwan, maƙwabci.

Direba a Amurka: Ni dai gargaɗi zan yi. Wani ya sayar mini da akwatin nan da aka ce yana kamo duk tashoshin gida ta intanet. Wata uku ya mutu murus, mai shi ya daina ɗaga waya. Sannan a kula da shafukan da ke ɗora tambarin tasha a kan tsohon bidiyo. Rannan na kira gida hankali tashe kan wata gobara, ashe ta shekara biyu da faruwa. Yanzu sai na duba kwanan wata tukuna.

Sabon Baƙo: To batun data fa? Ta ɗakin kwananmu ba ƙarfi.

Direba a Amurka: Ka rage hoton zuwa 360p. Labarai ne, ba ƙwallo ba, murya ce abin nema.

Sabon Baƙo: Allah ya saka da alheri. Gobe bayan sallar asuba zan gwada na jiya.