Tsofaffin faifan rok da aka sabunta sautinsu: me kunnuwanku suka ji?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum ƴan uwa masu son kiɗan jita. Akwai wani faifan rok, wato kiɗan jita mai zafi na Turawa, na shekarun 1970 da nake saurara a kaset tun ina yaro, babanmu ya sayo shi a Kano. Ƙanena ya turo mini wanda aka sabunta sautinsa. Ya fi ƙara, hayaniyar kaset ɗin ma ta tafi, amma kafin waƙa ta uku kunnena ya gaji. Ganga ba ta dukan ƙirji kamar da. Ni kaɗai ne, ko wani ya ji haka?

Mai Gyaran Rediyo, Kasuwar Dole: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kunnenka lafiya lau. Sabunta sauti asalinsa aikin kirki ne: a ɗauko zaren kaset na asali da aka naɗa a sutudiyo, a sake kwafarsa da na'urar zamani, a share ƙura. Matsalar ta zo ne tun shekarun 1990, da kamfanoni suka shiga gasar wa ya fi ƙara. Faifan sidi yana da iyakar da sauti ba ya wucewa. To in kana son ƙara fiye da haka, dole ka danne wuraren da suka yi sama, ka ɗago waɗanda suka yi ƙasa. Sai komai ya zo daidai wa daida, raɗa da tsawa ƙarfinsu ɗaya. Kamar a tuƙa tuwo da miya a tukunya guda ne, ka ƙoshi amma ba ka san me ka ci ba. Faifan ƙungiyar makaɗa ta Metallica na 2008, Death Magnetic, shi ya tona asirin abin, don mutane sun gano cewa waƙoƙin da aka sa a wasan bidiyo na Guitar Hero sun fi na faifan tsabta. A shagona nakan kunna tsoho da sabo, in rage ƙarar sabon har su daidaita. Yawancin masu shigowa tsohon suke zaɓa.

Hajiya ta Zango: Malam, ban yarda duka aka ɓata ba. Na ƙungiyar Beatles da aka sabunta aka fitar a 2009, ni dai sai a kansu na fara jin jitar bas ɗin da kyau. A kaset ɗin yayana ba a jin ta sam.

Mai Gyaran Rediyo: Gaskiyarki Hajiya. Waɗancan an yi su da natsuwa. Ya danganta da hannun da ya taɓa aikin.

Tsohon Direban Agadez: Ni maganar wasan da aka naɗa a gaban jama'a ta fi damuna. Shekaru na yi ina bin hanyar Tanout zuwa Agadez da kaset ɗin makaɗan jita na bukukuwan aure, waɗanda aka ɗauka da ƙaramar rakoda a tsakiyar fili. Kana jin janareto, kana jin guɗar mata, lasifika tana kuka. Amma wallahi kana cikin taron. Da na ji faifan Bombino, makaɗin jita na Agadez, na 2013, Nomad, wanda aka yi a Nashville ta Amurka, na yaba, aiki ne mai kyau ƙwarai. Sai dai in kewar Agadez ta kama ni, tsofaffin nan nake nema. Tafi da ihun mutane ba datti ba ne da za a share.

Ɗalibi, Garin Malam: Baba, abin da ka faɗa ya faru da ƙungiyar rok ta The Who. Wasansu na Leeds a Ingila, 1970, faifan farko waƙa 6 ne, kuma da ƙaras-ƙaras a ciki wanda suka bari da gangan. A 1995 aka sake fitar da shi da waƙa 14, aka goge ƙaras ɗin. Na saurari duka biyu a fadarmu muna shan shayi, muka rabu gida biyu. Ni ina tare da na 1995 saboda ƙarin waƙoƙin, manyanmu kuwa suka ce an wanke masa zufa. Wanda ba mu yi gardama a kansa ba shi ne na ƙungiyar Deep Purple da aka naɗa a Osaka da Tokyo a watan Agusta 1972. Ana jin faɗin zauren, ana jin kowane makaɗi a wurinsa.

Mai Tura Waƙa, Sabon Gari: Ku yi haƙuri in sa baki, sana'ata ce. Kafin a zargi masu sabuntawa, a duba abin da ke cikin waya. Yawancin waƙoƙin da ake kawo mini an matse su, an ciro daga bidiyo, an sake matsewa, sun bi waya goma. Kugen ganga shi ke fara mutuwa, sai ya koma shuu. Ɗan Birni, duba fayil ɗin da ƙanenka ya turo. In MP3 ne na 128, wato wanda aka matse sosai, ba ka ji sabon faifan ba tukuna. Nemi na 320, wanda matsinsa kaɗan ne, ko FLAC, fayil ɗin da ba ya rage komai daga sautin.

Ɗan Birni: Na duba, 128 ne. Malam, in na samo mai kyau zan kawo shagonka ranar Alhamis tare da kaset ɗin babanmu, mu daidaita ƙararsu mu ji. Baba Direba, don Allah ka taho da naka na Agadez.