Na koma Onshape daga SolidWorks, ina ake samun aksis?

Baban Hanif: Assalamu alaikum injiniyoyi. Don Allah a taimaka min da shawara. Na daɗe ina zane da SolidWorks, manhajar zana sassan inji, amma kwamfutar da nake da ita yanzu ba ta iya ɗaukarsa, shi ya sa na koma Onshape tunda a burauza yake aiki. Ina zana faifan ƙarfe na injin niƙa, ramukan noti 6 a kewaye, da wani hannu da ya fita a karkace. A SolidWorks sai in zaɓi filen biyu (shimfiɗaɗɗun fuskokin da ake zane a kansu) ko jikin silinda, nan take aksis, wato layin tsakiya da abu ke juyawa a kansa, ya fito in jera ramukan a kansa. A nan kuwa na duba sama da ƙasa babu maɓallinsa. Ɓoye shi suka yi ko idona ne?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ba idonka ba ne Malam, babu shi ne. Filen uku kawai za ka tarar da ɗigon asali, wato inda ukun suka haɗu. Amma ramukan nan ba sa buƙatarsa. Idan akwatin jeren da'ira ya nemi aksis, danna bakin ramin tsakiya ko jikin silindar, zai karɓa.

Kawu Injiniya: Abin da ta faɗa haka ne, sai dai ka koyi met-konekta tun yanzu, wato alamar nan mai alƙibla uku, X, Y da Z, da ake dasawa a jikin sashe, don shi ne ya maye gurbin. Mutane sun ɗauka na haɗa sassa ne kawai, alhali ana sa shi tun a wajen zana sashe. Kai linzami kan fuskar faifan, za ka ga 'yan ɗigogi sun bayyana a tsakiya da kusurwoyi. Riƙe Shift don kada su gudu zuwa wata fuskar, sannan ka danna na tsakiya. Shuɗiyar kibiyar nan ta Z ita ce aksis ɗinka. Ga hannun da ya karkace kuwa, cikin akwatin met-konektan akwai wurin matsar da shi da juya shi, ka rubuta digirin da kake so, shike nan. Ni a ganina ya fi aksis ɗin SolidWorks amfani, tunda wuri da alƙibla duk yana riƙe da su, har zane ana yi a kansa kamar filen. Jon Hirschtick da ya kafa SolidWorks a 1993 yana cikin waɗanda suka kafa Onshape a 2012, ka ga ba mantuwa suka yi ba.

Ɗan Autan Bita: Ranka ya daɗe, ni dai har yanzu layi nake ja a zane in danna Q ya zama na gini, wato layin jagora kawai, in yi amfani da shi a matsayin aksis. Ya ishe ni.

Kawu Injiniya: Yana aiki ɗana, amma ka ɗaure shi da ɗigon asali. Layin da aka bari sake, ran da aka canza awo sai ka ga ramuka sun kauce.

Baban Hanif: Allah ya saka da alheri. To tsofaffin fayilolina fa, idan na ɗora su aksis ɗinsu zai biyo?

Maman Ilham: Ba zai biyo ba, gangar jikin kawai ke zuwa, babu tarihin ginin. Kuma a SolidWorks Y ne ke kallon sama, a Onshape Z ne. Wajen ɗorawa akwai ɗan akwatin da ke tambayar haka, ka yi masa alama, in ba haka ba faifan zai zo maka a kife ta gefe.