Neman shawara: za mu je Maraɗi duba abokan aiki da masauki kafin mu aika tawagar bishara

Tambaya daga sakataren kwamitin bishara na wata ikilisiya a birnin Katsina

Salama gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Ikilisiyarmu ta yanke shawarar fara aika tawagar matasa da ma'aikatan lafiya zuwa Jamhuriyar Nijar domin hidima ta ɗan gajeren lokaci, kuma dattawa sun ce kada kowa ya tashi sai an fara tura mutane kaɗan sun je sun dubo. Mun zaɓi yankin Maraɗi saboda kusanci, tunda daga Katsina ta Jibiya tafiyar wajen kilomita 100 ce, ga harshe ɗaya, ga kuma zumuncin da ke tsakaninmu tun lokacin da Katsinawa suka kafa garin bayan jihadi. Abin da nake nema shi ne: ta wace ƙofa za mu shiga domin samun abokan aiki amintattu, a ina ya dace tawagar ta sauka, kuma me masu dubowa za su tambaya kafin su dawo mana da rahoto?

Amsa daga wani fasto mai ritaya a Malumfashi

Ɗana, na ji daɗi da dattawanku suka hana ku gaggawa. Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne, ba sabon wuri za ku ba. Mishan na SIM (Sudan Interior Mission) ya shiga Zinder tun 1924, ya zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi, ya buɗe asibitin Galmi a 1950, kuma asibitin Danja yana nan yana kula da masu cutar kuturta da mata masu yoyon fitsari. Daga wannan aikin ikilisiyar EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, ta fito, kamar yadda ECWA ta fito a wajenmu, kuma EERN ɗin tana da fastocinta da shugabanninta waɗanda suka san kowane ƙauye fiye da ku. Saboda haka ku karɓi wasiƙa daga shugabannin gundumarku, ku kai ta hannun shugabannin ikilisiya na can, kada ku bi ta wani mutum guda da kuka sani a Facebook, komai daɗin bakinsa.

Idan kun zauna da su, ku rage magana, ku yawaita tambaya. Me suke bukata a bana? Wace tawaga ce ta taɓa zuwa, kuma me ta bari a baya? Wa zai ci gaba da aikin bayan kun koma gida? Wannan ta ƙarshe ita ce ma'auni a wurina, domin na ga tawagar da ta yi mako tana waƙa da rabon magani, ta tafi ta bar wa fasto ɗaya mutanen da ba shi da ko keken da zai riƙa ziyartarsu. Kuma kada masu dubowa su yi alkawarin kuɗi ko gini, ko da a cikin raha ne, don kalmar baƙo a irin wannan zama ana riƙe ta kamar an sa hannu a takarda.

Amsa daga wata ma'aikaciyar jinya, shugabar zumuntar mata a Funtua

Ƙanena, zan tsaya a kan masauki, domin nan ne maza suka fi yin sakaci. Za a ce muku ku sauka a gidan fasto, kuma da zuciya ɗaya za a faɗa, amma ku yi tunani. Na taɓa sauka a irin wannan gida: an kwashe yara an kai su zaure domin mu sami ɗaki, matar faston ta tashi tun kafin asuba ta ɗebo ruwan wankan mutum goma, kajin da take kiwo kuwa kafin mu tafi saura biyu. Ba ta ce uffan ba, mu ma kunya ta hana mu magana.

A nemi masaukin baƙi na ikilisiya ko na mishan, ko azuzuwan makaranta a lokacin hutu, a biya kuɗinsa a fili. A cikin masu dubowa a sa mace, ta shiga banɗaki da idonta, ta ga inda mata za su kwana da ko ƙofar tana kulluwa daga ciki, ta tambayi daga ina ruwa yake zuwa da kuma wa zai yi girki da nawa za a ba shi. A duba wurin ɗaura gidan sauro da asibiti mafi kusa. Ku guji watannin Afrilu da Mayu saboda zafi, damina kuma lokacin noma ne da zazzaɓin cizon sauro. Ma'aikatan lafiyarku kada su taɓa majinyaci sai a ƙarƙashin asibitin da hukuma ta sani.

Amsa daga wani matashi a Kafur

Mama, ina neman afuwa, amma idan tawaga ta keɓe a masaukin baƙi, ina zumuncin? Ai a Luka 10 an ce a zauna a gidan da aka karɓe ka, a ci abin da aka ba ka.

Shugabar zumuntar mata ta sake amsawa

Ɗana, waɗanda aka aika a wannan wurin bibbiyu ne, ba mota cike ba. Idan kuna son haka, a rarraba ku biyu-biyu a gidajen 'yan ikilisiya, ku shiga da buhun hatsinku da mai, kuma masu gidan ne za su zaɓa.

Amsa daga wani ɗan kasuwa a Jibiya

Ɗan'uwa, ni hanya na sani. An rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka kada ku dogara da yadda aka saba a da. Kowa ya riƙe fasfo da katin rigakafinsa, kuma ku tambayi jami'an shige da fice halin da ake ciki a makon da za ku tashi. Ku yi tafiya da rana, ku saurari labarin hanyar Katsina zuwa Jibiya tukuna, domin matsalar 'yan bindiga ba ta tsaya a gefe ɗaya ba. Ku canja kuɗi zuwa sefa, ku kuma lura cewa a kasuwa da dala ake lissafi, sefa biyar ke nan, don kada a ce muku dala ashirin ku miƙa abin da ba shi ba.

Faston Malumfashi ya ƙara

Kada ku manta an ƙona majami'u a Zinder da Yamai a Janairun 2015. 'Yan'uwanmu na can ƙalilan ne a cikin maƙwabta Musulmi, kuma su za su zauna da sakamakon duk abin da kuka faɗa. Kada a kunna lasifika a waje, kada a ɗora hoton kowa a intanet sai da yardarsa, kuma ku bar faston wurin ya kai ku gaisuwa wurin mai gari da hukuma tun ranar farko.

Mai tambaya

Na gode, Baba, na gode, Mama. Zan kai wa dattawa wannan ranar Lahadi. Za mu fara da wasiƙar gunduma, mu sa mace a cikin masu dubowa, mu kuma nemi shugabannin can su zaɓa mana watan da ya dace da su. Idan akwai wanda ya san yadda ake neman izinin ma'aikatan lafiya a can, ina roƙo ya bayyana mana.